Na haɗa sabar imel tawa amma saƙonni na faɗawa sifam, wasu ma dawowa suke, ina matsalar take?

dan_ridi

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin saba ku taimaka min, abin nan ya kusa sati uku yana ci min tuwo a ƙwarya.

Ni ke kula da harkar kwamfuta a ɗan kamfanin kawuna, muna sayen riɗi da zoɓo daga ƙauyukan Jigawa mu tara a Dawanau mu sayar wa masu fitarwa, wani lokacin kuma mu yi magana kai tsaye da masu saye na waje. Da can kowa da adireshinsa na kyauta yake aiki, sai wani mai saye ya faɗa wa kawu ƙiri-ƙiri cewa shi baya sakin jiki da takardar kuɗi in daga adireshin kyauta ta fito, saboda an sha damfarar mutane ta haka. Shi ne na sayi domen na .com.ng da naira, na duba masu riƙe wa mutum imel na ga kowane mutum ɗaya sai an biya masa dala duk wata, mu kuwa mu bakwai ne, ga shi biyan dala da katin naira kun san yadda yake, sai na ce bari in kama VPS, wato sabar haya a intanet, ƙarami guda ɗaya in haɗa da kaina tunda ina ɗan taɓa Linux kuma dama na daɗe ina son in riƙe imel ɗina a hannuna.

Na sa Ubuntu, na sa Postfix da Dovecot, manhajojin turawa da karɓar imel, na ɗauko satifiket na Let's Encrypt, na sa SPF da DKIM yadda na gani ana yi. Karɓar saƙo lafiya lau, ko ta ina aka turo yana shigowa. Turawa ce matsalar. In na tura wa mutum ɗaya saƙo sau biyar, uku su shiga amma cikin sifam, biyu su dawo min da lamba 550 5.7.25, kuma ba wani abu da na canza tsakani, saƙo iri ɗaya, adireshi iri ɗaya. Wannan rashin tabbas ɗin shi ya fi damuna, da ace duk dawowa suke da na san wani abu ne na ɓata gaba ɗaya. Makon jiya takardar farashi ta kwana huɗu a sifam ɗin wani mutum har ya sayi kaya a wani wuri, kawu bai min faɗa ba amma na ga ransa bai so ba.

Shin akwai wanda yake riƙe da sabar imel tasa a cikinku kuma saƙonsa na isa? Ko dai abin ya wuce zamaninsa in haƙura?

tsohon_linux

Wa'alaikumus salam ƙanina. Bai wuce zamaninsa ba, tawa ta fi shekara goma tana aiki kuma da ita nake komai, amma gaskiya ya fi da wahala, kuma wahalar ba a Postfix take ba. Haɗa saba aikin yini ɗaya ne. Sa manyan nan su yarda da kai shi ne aikin.

Mu fara da lambar da ka kawo domin ita ta riga ta faɗa maka ciwon. A wurin Gmail 5.7.25 ma'anarta IP ɗin da ya turo saƙon bashi da PTR, ko kuma yana da shi amma sunan da ke ciki in aka bi shi baya komowa kan wannan IP ɗin. PTR shi ne juyin DNS, wato maimakon a ba da suna a samu IP, sai a ba da IP a samu suna. Inda mutane da yawa ke ɓata shi ne suna zuwa wurin da suka sayi domen suna neman inda za su sa shi, ba a can yake ba, mai IP shi ke da ikon PTR, wato kamfanin da ya baka VPS, ka duba cikin shafinsu ko ka buɗe musu tikiti. Abu uku nake so su zama suna ɗaya tak: PTR na IP ɗinka ya ce mail.example.com, shi mail.example.com ɗin rikod ɗinsa na A ya nuna wannan IP ɗin, sannan myhostname a cikin main.cf shi ma ya zama mail.example.com saboda da shi sabarka ke gabatar da kanta in ta ƙwanƙwasa ƙofar wata. In kana amfani da Cloudflare ka tabbata girgijen wannan sunan toka-toka ne ba ruwan lemo ba, in ba haka ba duk wanda ya bi sunan IP ɗin Cloudflare zai gani ba naka ba.

Amma abin da ka ce wasu su shiga wasu su dawo, ina kyautata zaton IPv6 ne. Yawancin VPS yanzu suna zuwa da adireshi biyu, IPv4 da IPv6, shi kuma Postfix in ba ka hana shi ba duk wanda ya ga dama yake fita da shi, wannan karon wannan wancan karon wancan. In ka sa wa IPv4 PTR ka manta da ɗayan to ka ga yadda za a yi saƙo iri ɗaya wani ya wuce wani ya dawo. Buɗe /var/log/mail.log ka nemo layin saƙon da ya dawo ka duba adireshin da ke gaban relay=, in ka ga mai ɗigo bibbiyu da haruffa to shi ne. Magani biyu ne, ko ka sa wa IPv6 ɗin PTR da AAAA ka kuma ƙara shi a SPF, ko ka rubuta inet_protocols = ipv4 ka sake tada Postfix. Ni ga mai farawa na biyun nake ba shi shawara, in komai ya zauna sai ya dawo kan IPv6 a nutse.

Sai rikod ukun nan, SPF da DKIM da DMARC. SPF kana faɗa wa duniya ne waɗanne IP ne ka yarda su tura da sunan domen ɗinka, kamar haka:

v=spf1 ip4:203.0.113.10 -all

Guda ɗaya tak ake yi wa domen, in ya zama biyu duka sun lalace, kuma duk wani include ko mx ko a da ka jera ciki ana ƙirga shi, in binciken DNS ya wuce 10 shi ma ya lalace. DKIM kuwa sa hannu ne, sabarka na riƙe da mabuɗin sirri tana buga wa kowane saƙo hatimi, ɗaya mabuɗin kuma yana DNS kowa ya gwada ya gani. Ka yi mai 2048. Sai dai ka lura dogo ne, ya fi haruffa 255 da guntun TXT ɗaya ke ɗauka, so dole a raba shi gunduwa-gunduwa, wasu shafukan DNS suna rabawa da kansu wasu kuwa sai su yanke wutsiyar ba su faɗa maka ba, na ga wanda ya yi wata guda yana fama ashe rabin mabuɗinsa ne kawai a DNS.

DMARC ba ka ambace shi ba sam. Shi ne ke ɗaure biyun da sunan da mai karatu ke gani a wurin From. Ba wai SPF ko DKIM su ci kawai ba, sai domen ɗin da suka ci da shi ya dace da wanda ke From. Ka buɗe TXT a _dmarc ka fara da wannan:

v=DMARC1; p=none; rua=mailto:dmarc@example.com

Kar ka yi gaggawar sa quarantine, wato a jefa saƙon da ya faɗi a sifam, ko reject, wato a ƙi karɓarsa gaba ɗaya, bari rahotanni su riƙa zuwa maka na sati biyu uku ka ga waye ke turawa da sunanka tukuna. Tun Fabrairu 2024 Google da Yahoo suka tsaurara, kowa sai yana da SPF ko DKIM da PTR mai kyau da TLS mai ɓoye saƙo a hanya, masu tura 5,000 a rana kuma sai duka ukun. Microsoft ma ta bi sahu a Mayu 2025 ga masu tura da yawa. Kai ba ka kai 5,000 ba amma ka cika ukun, ƙaramin mai turawa bashi da wani abin nunawa sai su.

In ka gama ka tura wa kanka a Gmail, buɗe saƙon a kwamfuta, danna ɗigo ukun nan ka zaɓi Show original, za ka ga SPF, DKIM, DMARC kowanne da PASS ko FAIL a gabansa. Kawo mana abin da ka gani.

dan_ridi

Malam Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara ilimi. Wallahi kamar kana zaune a gaban sabar. Na duba log ɗin, duk waɗanda suka dawo ta IPv6 suka fita, ni ban ma san VPS ɗin na da shi ba. Na kashe shi yanzu na tura guda goma ba wanda ya dawo ko ɗaya.

Sannan SPF ɗina biyu ne ashe, akwai wani da ya zo tun lokacin da na sayi domen ɗin ni kuma na ƙara nawa a kai, na goge tsohon. DKIM yana cewa FAIL, na ga a wurin d= sunan sabar ne da kamfanin VPS suka bata tun farko ba domen ɗinmu ba, na gyara a OpenDKIM, na sa DMARC, yanzu duka ukun PASS. Na gwada a mail-tester ma ya bani 10/10.

Amma Malam har yanzu sifam suke shiga. Ba sa dawowa amma ba sa zuwa gaban mutum. To me ya rage kuma tunda komai ya ci?

tsohon_linux

Abin da ya rage shi ne suna, kuma shi ba a rubuta shi a fayil. Ukun nan da ka ci sun tabbatar kai ne kai, ba su ce kai mutumin kirki ne ba, masu tura sifam ma sun iya sa SPF da DKIM, sun ma fi mu iyawa. Kamar baƙo ne ya shigo Dawanau yau da katin shaidarsa a hannu, katin gaskiya ne amma ba wanda zai ba shi buhu ɗari bashi sai an ga cinikinsa na ɗan lokaci. Domen ɗinka sabo ne, IP ɗinka kuma ko dai sabo ne ko kuma, wanda ya fi muni, wani ya riƙe shi kafin kai ya ɓata shi.

Fara duba wannan na biyun. Sa IP ɗin a shafin binciken Spamhaus, masu riƙe jerin IP ɗin da aka kama da sifam, da kuma MXToolbox. In yana SBL ko CSS ko XBL na Spamhaus wannan babbar magana ce don sabobi da yawa na aiki da su, suna da hanyar neman cirewa kuma kyauta ce. In ka ga ƙananan jerin da suke sa dukkan netwok ɗin kamfani saboda laifin maƙwabta kuma suna neman kuɗi kafin su cire ka da sauri, kar ka biya ko sisi. In IP ɗin ya ƙazantu sosai gara ka nemi a canza maka tun yanzu da ba ka gina komai a kansa ba.

In yana da tsabta sai haƙuri da ciniki na gaskiya. Ku riƙa tura saƙo kaɗan kullum ga mutanen da suka san ku, ka kira su a waya ka ce su duba sifam su danna cewa ba sifam ba ne, su ajiye adireshinku, kuma mafi amfani duka su ba da amsa. Saƙon da aka amsa yana da nauyi sosai. Kar ka ɗauko adireshi ɗari biyu na masu sayen riɗi da ka tsinta a intanet ka watsa musu talla, rana ɗaya za ka rushe abin da za ka yi wata shida kana gyarawa. Google na cewa a tsaya ƙasa da 0.1% na ƙorafi kar a taɓa kai 0.3%, wato mutum uku cikin dubu, to kai da kake tura talatin a rana lissafa ka ga abin da mutum ɗaya tak zai yi maka in ya danna. Takardar kuɗi ku tura ta PDF, ban da zip, ban da gajerun link ɗin nan, kuma a rubuta magana sosai a jikin saƙon ba hoto ɗaya da kalma biyu ba.

Yi rajista a Google Postmaster Tools, ko da yake da ƙarancin saƙonku zai iya nuna maka fanko, da SNDS na Microsoft, duka biyun suna nuna maka yadda suke ganin saƙonninka. Ka tabbata postmaster@ da abuse@ suna aiki kuma wani na karantawa.

maman_khalifa

Sannunku. Duk abin da Malam ya faɗa daidai ne ban da ja a ko ɗaya, amma ni ina da bambancin ra'ayi a kan shawarar kanta, kuma zan faɗa tunda na yi shekaru ina wannan aikin wa ƙananan kamfanoni a Kaduna.

Ɗan'uwa, sabar Malam ta shekara goma ce, sunanta ya riga ya kafu tun lokacin da abin bai tsananta ba. Kai yau ka fara, kuma ba wasiƙar gaisuwa kake turawa ba, abincin gidanku ne a ciki. Wata biyu ko uku da za ka yi kana jiran suna ya ginu, takardun farashi nawa ne za su kwana a sifam? Riɗi kuma yana da kaka, in lokacin ya wuce ya wuce.

Abin da nake yi wa mutanena shi ne raba aikin biyu. Karɓa da ajiya suna kan sabarka, saƙonninka na hannunka, adireshi ko ɗari kake so ka buɗe ba mai cajinka. Fita kuma sai ta bi ta hannun dillali, wato kamfanin da aikinsa kenan tura saƙo kuma yana da ma'aikata da ba abin da suke yi sai tsaron sunan IP ɗinsu. A Postfix layin relayhost ne da ɗan fayil na sunan shiga da fasuwod, ta ƙofa ta 587, minti ashirin ka gama. Amazon SES misali senti 10 ne na dala a kan saƙo 1,000, ku bakwai ɗin nan ba na jin za ku ci dala ɗaya a wata, akwai wasu ma masu ba da ɗan adadi kyauta. Abin lura kawai ka kafa DKIM ɗin da za su baka da sunan domen ɗinka don DMARC ya dace, kar ka bari su sa hannu da nasu sunan kaɗai. Sunan domen ɗinka zai ci gaba da ginuwa a haka, in bayan shekara ka ga kana son fita kai tsaye sai ka cire layin.

Ga wani abu da na gani da idona. Wani da nake taimaka wa ya yi komai daidai, wata takwas saƙonsa na shiga lafiya, rana ɗaya aka wayi gari ɗaya daga cikin manyan masu karɓa ya toshe dukkan rukunin IP ɗin da yake ciki saboda wani maƙwabcinsa a VPS ya yi ɓarna, shi bai yi komai ba. Mun cike fom, aka ce ba a ga matsala ba, muka sake rubutawa, sai da aka yi kwana tara kafin a buɗe. Kwana taran nan da waya da WhatsApp ya yi kasuwancinsa. Ba laifinsa ba ne kuma ba abin da zai iya yi ya hana, wannan ne nake so ka sa a lissafi.

Kuma dan Allah ko wace hanya ka bi, ka tsare gidan. Abin da ya fi kashe ƙananan sabobi ba PTR ba ne, fasuwod ɗin mutum ɗaya ne mai rauni. A sace na sakatare da daddare, kafin asuba an tura dubu hamsin da sunanku. Sa fail2ban mai toshe duk IP ɗin da ke ta gwada fasuwod, sa iyakar adadin da kowane akawu zai iya turawa a awa, Rspamd na yin wannan, ka kuma gwada ka tabbata sabarka ba ta karɓar saƙon baƙo ta miƙa wa wani baƙon. In akwai shafin WordPress a kan VPS ɗin nan mai fom ɗin tuntuɓa, raba su, kar su zauna IP ɗaya.

abba_nw

slm, afuwan na shigo muku tsakiya. ni ɗalibi ne bani da kuɗin VPS, ina da tsohuwar laftof da sola a gida da rauta mai layin waya, bazan iya haɗa tawa akai ba? naga ai Linux ɗin ɗaya ne

tsohon_linux

Abba don koyo haɗa abinka, za ka koyi abu da yawa, amma saƙo ba zai shiga ba kuma ba zai fita ba. Layin waya kusan duka a bayan CGNAT suke, wato ku da yawa ne kuke raba IP ɗaya na waje, ba yadda za a yi sabar wani ta ƙwanƙwasa ƙofarka ta 25, wadda sabobin imel ke magana da juna ta cikinta, ta same ka. Ko ka samu IP naka na kanka, ba kai ke da PTR ɗinsa ba, kuma adiresoshin gida irin waɗannan yawanci suna cikin PBL na Spamhaus, wanda ba jerin masu laifi ba ne, jerin adiresoshin da bai kamata a ce suna tura imel kai tsaye ba ne. Wuta ma ba ita ce babbar matsalar ba yadda mutane ke zato, in sabarka ta mutu masu turo maka suna ajiyewa su yi ta sake gwadawa har kwana huɗu zuwa biyar, Postfix kansa kwana 5 yake riƙewa kafin ya haƙura.

In ka tashi kama VPS ka tambaya tun kafin ka biya ko suna buɗe ƙofa ta 25 ta fita. Google Cloud a toshe take, AWS sai ka cike fom, DigitalOcean ma suna toshewa, Hetzner sai ka yi wata guda ka biya kuɗin farko sannan ka nema. Kuma in za ka sa Mailcow, haɗaɗɗiyar manhajar sabar imel, ka sani yana son RAM wajen 6GB, ƙaramin VPS ba zai ɗauke shi ba, Mail-in-a-Box ya fi sauƙin nauyi kuma yana jera maka rikod ɗin DNS ɗin duka.

Hajiya kuma maganarki gaskiya ce, ban ƙi ba, in abincin gida ne a ciki dillali ya fi kwanciyar hankali. Abin da ke damuna kawai shi ne in kowa ya bi ta hannun kamfani huɗu ko biyar, ranar da suka canza sharaɗi ko suka rufe akawun mutum ba gaira ba dalili ina za a je? Imel an gina shi ne kowa ya iya kafa tasa sabar ya yi magana da kowa, ni shi ya sa har yau nake fita da kaina. Amma na yarda wannan ra'ayina ne, ba zan ce yaro ya yi asarar cinikin kawunsa a kansa ba.

maman_khalifa

Malam ai shi ya sa na ce ya riƙe karɓa da ajiya da domen a hannunsa. In dillali ya rufe shi yau, layi ɗaya zai canza ya koma wani. Domen ɗin ne dukiyar, shi dai kar ya bari ya ƙare bai sabunta ba, ya sa tunatarwa a waya tun saura wata guda, kuma adireshin da ya yi rajistar domen ɗin da shi kar ya zama na kan wannan domen ɗin, in ba haka ba ranar da abu ya lalace saƙon gyaran ma ba zai same shi ba.

Na manta abu biyu ɗazu. Na ɗaya, kar ka yarda wani cikin mutanenka ya ce a riƙa miƙa masa duk saƙonsa zuwa tsohon adireshinsa na kyauta. Duk sifam ɗin da ya shigo muku sabarka ce za ta miƙa shi, can kuma kai za su gani a matsayin mai turowa, ga shi SPF na karyewa in an miƙa saƙo sai in ka sa SRS mai sake rubuta adireshin mai turowa. Ka sa musu akawun a waya ta IMAP kawai, ƙofa ta 993. Na biyu, in ka sa Spamhaus don tace masu shigowa kar sabarka ta riƙa tambaya ta 8.8.8.8 ko wani DNS na jama'a, Spamhaus ba ta amsa irin waɗannan, lambar kuskure take dawowa da ita 127.255.255.254, in setin ɗinka bai bambance ba sai ya ɗauka kowa mai laifi ne ya kori duk saƙon da ya zo. Sa unbound a kan sabar, ta riƙa yin binciken DNS da kanta, ka huta.

dan_ridi

Salam, na dawo in ba ku labari tunda kun ɓata lokacinku a kaina, Allah ya biya ku.

Na duba IP ɗin, Spamhaus ba komai, sai wani ƙaramin jeri guda ɗaya da ya sa duk netwok ɗin, na ƙyale shi kamar yadda Malam ya ce. Na zauna da kawu na yi masa bayanin hanya biyun da Hausa yadda zai gane, ya ce shi kaka ta kusa ba ya son gwaji da takardun kuɗi. To abin da na yi shi ne adiresoshin kamfani shida duk suna fita ta dillali yadda Hajiya ta ce, na kafa DKIM ɗinsu da sunanmu, kwana goma sha ɗaya kenan duk wanda muka tura wa muka kira ya ce a gaba ya gan shi, har mutumin nan da ya sayi kaya a wani wuri ya amsa.

Nawa adireshin kuma na kaina, da yake a wani domen daban yake da na saya tun bara, na bar shi yana fita kai tsaye daga sabar, na yi amfani da sender_dependent_relayhost_maps na raba su. Ina tura wa abokai da 'yan ajinmu guda biyar shida a rana suna amsawa. A Gmail ya fara shiga gaba wurin waɗanda suka taɓa amsa min, wurin sababbi kuwa wani ya shiga wani sifam. Na yi rajistar SNDS jiya.

Rahoton DMARC ya fara zuwa, fayil ne na XML cikin zip da ƙyar nake karanta shi, amma na ga wasu IP guda biyu da ban sani ba, ba namu ba ba na dillali ba, sun tura saƙo huɗu da sunan domen ɗin kamfani kuma duk sun faɗi SPF da DKIM. Wannan ya tayar min da hankali ganin irin harkar da muke yi, kar a je wani na tura wa masu sayenmu lambar asusun banki da sunanmu. Malam, Hajiya, a wannan halin in jira sati ukun ko in wuce quarantine yanzu?

tsohon_linux

Wuce yanzu. Dalilin jiran dama don kar ka toshe saƙonku na gaskiya ne, to ku hanya ɗaya kuke fita kuma ta ci. Ka dai tambayi kawu ko akwai wata manhajar lissafi ko shafi da ke tura rasit da sunan kamfani wanda ba ka sani ba, in babu sa p=quarantine yau, in sati biyu suka wuce rahoto bai nuna naku ko ɗaya ya faɗi ba ka mayar reject. Amma DMARC ba zai hana wanda ya sayi domen mai kama da naku da bambancin harafi ɗaya ba, so ku kira manyan masu sayenku a waya ku faɗa musu lambar asusunku ba ta canzawa ta imel, duk wanda ya ga saƙon canji ya kira kawu a lambar da ya sani kafin ya tura ko dala ɗaya. Turo min IP biyun nan ta saƙon sirri in duba na wace netwok ne.